Mustang ƙirar 1965 a rabon gado a Jidda: farashin mujalla da farashin kasuwa

Wani dattijo Bahaushe da ya shafe fiye da shekara hamsin yana aikin tuƙi a Jidda ya rasu, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Iyayensa sun riga shi tafiya, don haka lissafin gadon bai da sarƙaƙiya: a kasa dukiya kashi takwas, uwargida ta ɗauki tumuninta kashi ɗaya, kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. Kuɗin banki da kayan ɗaki ba su kai mako guda ba aka gama da su. Abin da ya riƙe gadon har wata huɗu mota ce guda, Ford Mustang ƙirar 1965, da wani kwali na tsofaffin mujallun motoci na Amurka da aka samu a but ɗinta.

Motar ta zo hannun marigayin a 1978. Wani Ba'amurke da ya gama kwantiraginsa zai koma gida ne ya sayar masa, takardar cinikin tana nan, riyal 5,500, kuma kwalin mujallun kyauta ya haɗa masa. Ta yi shekaru tana hawa titi, sannan aka ajiye ta a rumfa a cikin gida. Da rusau ya ci tsofaffin unguwannin kudancin Jidda a 2022, iyalin suka koma gidan haya na bene, aka ja motar zuwa wani fili aka lulluɓe ta da tamfol. Nan ta zauna har mai ita ya rasu.

Ƙaramin ɗan yana son ya riƙe motar ya biya 'yan'uwa rabonsu. Babu wanda ya ƙi. Tambayar ita ce nawa za a ɗora mata. Wan nasa ya buɗe kwalin, ya ciro wata mujalla ta 1964 mai tallar motar a shafi guda cur, da farashi da manyan lambobi: dala 2,368. Ya ce daga nan za a fara.

Abin da ke rubuce a shafin

Lambar gaskiya ce. Kamfanin Ford ya fito da Mustang ranar 17 ga Afrilu, 1964, a bikin baje kolin duniya na birnin New York, kuma dala 2,368 ne farashin da ya yi ta bugawa a jaridu da mujallu. Amma duk mai karanta tsohuwar talla ya saba kai idonsa ƙasan shafi, wurin ƙananan haruffa. A can aka bayyana cewa wannan farashin bakin masana'anta ne a Detroit: babu kuɗin dako zuwa wurin dila, babu harajin jiha, babu duk wani abu na ƙari. Da wannan kuɗi ana samun mota mai rufaffen kai, ƙaramin injin silinda shida mai lita 2.8, da giyar hannu mai hawa uku. Rediyo ma sai an ƙara kuɗi.

Motar marigayin tana da giya mai sauya kanta, da na'urar sanyi a ƙarƙashin dashbod, da rediyo. A jerin farashin wancan lokaci giyar tana cin kusan dala 180, na'urar sanyi kusan 280, rediyo wajen 60. Wato wanda ya fara sayenta ya biya abin da ya doshi dala 2,900 kafin dako da haraji. Wannan bambanci ne da mujallu irin su Motor Trend, Car and Driver da Road & Track suka saba nunawa a jadawalin gwajin mota: suna rubuta farashin tushe, sannan a ƙasansa farashin motar da suka gwada da duk kayan da ke jikinta. Na biyun ya fi kusa da abin da mutane suka fitar daga aljihu. Wan bai duba wannan ba, kuma da ya duba da ya ƙara masa ƙarfin hujja, domin lambarsa ta yi ƙasa da abin da aka biya.

Lissafi uku a zama ɗaya

Lissafin farko na wan ne. Ya ce a 1965 dala ɗaya riyal 4.5 ce, abin da yake daidai. Ya mayar da dala 2,368 riyal 10,656. Sai ya shiga intanet ya ga cewa kuɗin Amurka ya rage daraja kusan ninki goma daga 1965 zuwa yau, ya ninka, ya samu riyal 106,000 da 'yan kai.

Kuskuren nan yana da saurin shigewa. Ya ɗauki canjin kuɗi na 1965 ya haɗa da hauhawar farashin Amurka, alhali hauhawar farashin Amurka dala take aunawa. Riyal tafiyarsa daban. A Saudiyya farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya malalo, har hauhawar ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975 da 1976. Bayan nan aka yi shekaru masu yawa a 1980 da 1990 farashi kusan a tsaye, wasu shekarun ma yana sauka. Amurka kuwa nata ƙololuwar a 1980 ne, kashi 13.5. Canjin ma ya motsa: daga 4.5 riyal ya yi ƙarfi zuwa wajen 3.4 a ƙarshen shekarun 1970, kafin a kafe shi a 3.75 tun 1986. Ƙa'idar ita ce farashin da aka rubuta da dala a Amurka, a bi shi da ma'aunin Amurka har zuwa yau, sannan a ƙarshe a canza shi da canjin yau.

Ga yadda ake yi. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana fitar da ma'aunin farashin kayan masarufi, wanda aka ɗora matsakaicin 1982 zuwa 1984 a kan 100. A 1965 ma'aunin yana kan 31.5, a 2024 yana kan 313.7. A raba na biyu da na farko, a samu 9.96. A ninka da 2,368, a samu kusan dala 23,600. A ninka da 3.75, a samu kusan riyal 88,400. Gyaran wannan kuskure ɗaya ya zubar da fiye da riyal 17,000 daga lambar wan.

Lissafi na uku daga babbar 'yar ya fito, mai sayen gwal tana ajiyewa kamar yadda matan Jidda da Makka da yawa suke yi. Ta ce, "Yaya, in dai darajar kuɗin da ake nema, ai da gwal ake aunawa." A 1965 farashin gwal na hukuma dala 35 ne kan oza, kuma haka ya tsaya har Amurka ta daina musanya dala da gwal a 1971. Dala 2,368 ke nan oza 67.7, wato kilo biyu da giram ɗari. In aka sa oza a dala 2,400, kusa da matsakaicin 2024, ya haura riyal 600,000. Kowa ya yi dariya, har ita. Amma lissafinta bai fi na yayanta rauni ba ko kaɗan. Ita ta auna abin da kuɗin zai zama da an sayi gwal, shi ya auna abin da ake bukata yau a sayi abinci da haya da sutura daidai da na wancan kuɗi. Babu wanda ya taɓa motar da ke ƙarƙashin tamfol.

Abin da lambar 88,400 take da amfani a kai

Tana amsa tambaya guda: shin sabuwar mota ta ƙara tsada? Sabuwar Mustang mafi araha ta 2024 a Amurka ta ɗan haura dala 30,000 kafin dako. In aka jera ta da 23,600, ta fi ta da kusan kashi 30 cikin ɗari. Sai dai abin da ake samu da kuɗin ya canza ƙwarai. Ta 1964 ƙarfin doki 101 aka rubuta mata, ta 2024 tana da 315, ga birki mai faifai a ƙafa huɗu, ga jakunkunan iska, ga na'urar hana birki kullewa, ga sanyi, duk a cikin farashin tushe. Ko 101 ɗin nan ma sai an rage. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna ƙarfin injin ne tsirara a kan benci, ba salansa, ba matatar iska, ba fanka. Daga 1972 aka koma aunawa da kayansa a jiki, shi ya sa mai bin mujallu shekara-shekara zai ga lambobi sun faɗi farat ɗaya ko a injin da ba a taɓa ba. Wanda ya kwatanta lambar 1965 da ta yau kai tsaye ya yi wa tsohuwar alfarma.

Hukumar ƙididdigar da kanta tana cire darajar irin wannan ƙarin inganci kafin ta rubuta hauhawar farashin sababbin motoci, shi ya sa ma'auninta na motoci bai kai ninki huɗu ba a tsawon lokacin da na kayan masarufi gaba ɗaya ya yi ninki goma. In kuma aka auna da abin da mutane ke samu, matsakaicin iyali a Amurka a 1965 yana samun wajen dala 7,000 a shekara, Mustang ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku, aikin wata huɗu. A 2023 matsakaicin iyali yana samun wajen dala 100,000, sabuwar Mustang kuma ta sake cin abin da ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Masu cewa mota a da kyauta ce suna tuna lambar farashi, sun manta lambar albashi.

A Saudiyya akwai wani abu daban da ke sa mutane jin tsadar, wanda bai shafi masana'anta ba. Harajin kayan masarufi ya shigo ranar 1 ga Janairu, 2018, da kashi 5, ya koma kashi 15 daga Yulin 2020. Litar fetur mai lamba 91 da ake sha a halala 45 (halala ɗari ce riyal ɗaya) har ƙarshen 2015 ta kai riyal 2.18 a 2021. Duk wannan yana da amfani ga mai son fahimtar zamani. Ga magada kuwa, abin da za a raba ƙarfe ne mai shekara sittin, kuma ƙimarsa ita ce abin da mai saye zai ba da a halin da yake. Baffansu, ƙanin marigayin, shi ya tsayar da magana a nan, ya ce a kira mai duba mota.

Abin da aka gani da aka yaye tamfol

A nan ne mujallun suka yi aikinsu na gaske, domin jadawalin bayanan mota da ke cikinsu shi aka riƙa jerawa da abin da ido ke gani.

Wan ya daɗe yana cewa motar mai silinda takwas ce, saboda alamar 289 da ke manne a gefen gaba. Alama dai ana sayenta a shago. Lambar cesis ta Mustang ta wancan zamani harafi goma sha ɗaya ce, tunda tsarin harafi goma sha bakwai sai 1981 ya fara. Ta wannan motar ta fara da 5F07T. Lamba 5 shekarar ƙira ce, 1965. F masana'antar Dearborn. 07 mai rufaffen kai, da 08 ce da mai buɗaɗɗen kai ce, 09 kuma mai gangaren baya. Harafi na biyar shi ne injin: T na nufin silinda shida mai lita 3.3, ƙarfin doki 120. Masu silinda takwas mai lita 4.7 na wannan shekara C ne ko A ko K, kuma K ɗin, mai ƙarfin doki 271, shi ne wanda masu tara motoci ke zuba wa kuɗi. Ko ba a buɗe bonet ba, ƙafa ta isa shaida: mai silinda shida noti huɗu gare ta da wil inci 13, mai takwas noti biyar. Wannan noti huɗu ne.

Lambar ana dubanta a wuri biyu, a farantin da ke jikin ƙofar direba da kuma wadda aka buga a ƙarfen gefen injin ta ɓangaren direba. Ƙofa ana canza ta bayan haɗari, don haka ta jikin ƙarfe ce abin dogaro, kuma dole ta yi daidai da ta istimara, takardar rajistar mota. Duka ukun sun yi daidai, kuma wannan shi ne labari mafi daɗi a ranar. Harafin T ya kuma nuna cewa motar ba ta cikin na farkon fitowa da tallar ke magana a kai, masu injin lita 2.8 da janareto. Wannan an ƙera ta bayan bazarar 1964, tana da altaneta.

Agogon tafiya yana nuna 43,000 da wani abu. Mil ne, ba kilomita ba, kuma lamba biyar kawai yake da ita, in ya kai 99,999 sai ya koma sifili. Robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, kujerar direba ta lotsa, sitiyari ya yi sulɓi. Motar da ta yi mil 43,000 ba ta kama da haka. Mil 143,000 ya fi dacewa, kusan kilomita 230,000.

Sai tsatsa, wadda ita ce ke yanke hukunci a kan wannan ƙirar. Mustang ba ta da cesis daban da aka ɗora bodi a kai, jikin shi ne ƙashin. Rauninta da aka fi sani yana ƙarƙashin ramukan iska da ke gaban gilashi: wani akwati ne rufaffe da masana'anta ba ta yi wa fenti sosai a ciki ba, ƙura da ganye suna taruwa, danshi ya zauna, ya huda. Gwajinsa bokitin ruwa ne. A zuba a ramukan, mutum ɗaya ya kwanta a ƙarƙashin dashbod da tocila. An zuba, ruwa ya sauko ta gefen fasinja. Da aka ɗaga kafet, daɓen gaba na ɓangarorin biyu ya zama kamar rariya. Gyaran wannan wuri na gaskiya sai an cire gilashi da fuka-fukan gaba, an huda ɗaruruwan ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne aikin da samkari, mai gyaran bodi, ya fi cajin kuɗi a kansa. Ƙarƙashin batir ma ya ci, kamar yadda aka saba, saboda ruwan batir. Ƙarfunan da ke riƙe da ƙafafun gaba da dogayen sandunan ƙasa lafiya suke, da sun ruɓe da maganar ta koma ta tashlih, wurin da ake farfasa motoci a sayar da kayansu.

Mutane suna ɗauka cewa motar Saudiyya ba ta tsatsa. Wannan gaskiya ne ga ta Riyad ko Ƙasim. Jidda bakin teku take, iskarta da gishiri da danshi, kuma tamfol ɗin roba yana riƙe raɓa a jikin ƙarfe dare da rana. Shekarun da ta yi a fili a lulluɓe sun fi yi mata illa a kan shekaru masu yawa da ta yi a rumfa mai shan iska. An kuma bi jikin da maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle: a bayan ƙafar baya ta dama ya ƙi kamawa, alamar an cika wurin da ma'ajun, ƙullin cike lotsawar bodi, an yi fenti a kai.

Injin ba a yi gangancin tayar da shi da makulli ba, kuma wannan daidai ne. Injin da ya daɗe a tsaye, zoben fistin yana iya mannewa da bangon silinda, in aka tilasta shi da batir sai zobe ya karye ko sandar bawul ta lanƙwashe. Bakaniken ya cire filogi shida, ya zuba kamar cokali biyu na mai a kowane rami, aka bar shi kwana biyu, sannan ya juya injin da hannu ta notin gaba. Ya juya. Aka zubar da tsohon baƙin mai, aka sa sabo wajen lita huɗu da sabuwar matata, aka goge kwantak, aka ba kabureta fetur daga galan daban. Tankin motar, mai cin lita 60, ba a yarda da shi ba, domin tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe komai, kuma a wannan ƙirar saman tankin shi ne daɓen but, in ya huda warin fetur cikin mota yake shiga. Injin ya tashi. Gwajin matsi ya nuna biyar sun yi kusa da juna, na shida ya yi ƙasa sosai, da aka zuba masa ɗan mai kuma bai ƙaru ba, wanda ke nuna bawul ne ba zobe ba. Ba abin mamaki ba ne: an ƙera kan injin don fetur mai dalma, Saudiyya kuwa ta koma marar dalma tun 2001, mazaunin bawul marar tauri yana cinyewa a hankali.

Birki ganga ne a ƙafa huɗu, da tukunyar man birki mai layi ɗaya. In bututu ɗaya ya fashe, birkin duka ya tafi. Sai a ƙirar 1967 Mustang ta samu layi biyu, kuma duk mai hankali da zai hau wannan mota a titin Madina zai canza zuwa mai layi biyu. Tayoyin lambar kwanan watansu uku ce, wato an yi su kafin 2000. Na'urar sanyi ta tsohon gas ce da aka daina yi, sai an canza bututu da mai da matata kafin ta karɓi na yanzu.

Yadda aka kai ga lamba

Mai ƙimar ya bi ta hanya biyu. Ta farko daga sama zuwa ƙasa. Ya tambayi kansa: mai son irin wannan mota a Jidda, nawa zai kashe ya kawo lafiyayya daga Amurka? Motar da ta haura shekara 30 ana barin shigo da ita a matsayin ta tarihi, duk da hanin da ke kan na hannu da suka wuce shekara biyar. Ya ɗauki dala 20,000 a matsayin kuɗin mai silinda shida mai kyau, daga cinikin da aka kammala, domin farashin da mai kaya ya rubuta a talla buri ne kawai. Ya sa dala 2,000 na jirgi da inshora. Kwastan kashi 5, sannan haraji kashi 15 a kan jimillar, wato a ninka da 1.2075. Ya samu dala 26,565, kusan riyal 99,600. Wannan shi ne rufin: ba mai biyan fiye da haka a kan ta gida.

Daga nan aka cire kuɗin gyara da aka karɓo daga warsha biyu, wato garejin gyara, a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota. Injin, birki, tanki, lagireto da taya, abin da zai sa ta ci fahas, gwajin lafiyar mota na hukuma, riyal 14,000. Walda da fenti 45,000. Kujeru, kafet, robobin ƙofa da sanyi 12,000. Jimilla 71,000, kuma duk wanda ya taɓa gyara tsohuwar mota ya san wannan lamba hawa take yi da zarar an kankare fenti. Abin da ya rage 28,600.

Akwai abin lura a nan. Motar da aka gyara tsaf ta tsaya kusa da riyal 99,600, lissafin hauhawar farashi na farashin tushe ya ba da 88,400, in kuma aka yi shi a kan dala 2,900 da aka biya da gaske zai ba da wajen 108,000. Wato bayan shekara sittin, lafiyayyar Mustang ta talakawa ta dawo ne kusan inda ta fara, ba a ma lissafa abin da ta ci na ajiya da gyara ba. Dalili kuwa yawa ne. Ford ya sayar da fiye da miliyan ɗaya kafin motar ta cika shekara biyu. Labaran gwanjon da ake yaɗawa a waya na 'yan ƙalilan ne masu harafin K ko na Shelby, Mustang da aka ƙara wa ƙarfi don gudu. A nan ƙasar ma zuciyar masu saye ta fi karkata ga abin da suka taso suna gani a ƙofar gida, Caprice da Cressida da Jims (GMC) da tsohuwar Datsun mai buɗaɗɗen baya.

Hanya ta biyu ita ce a saka ta a kasuwa a ji. An ɗora hotuna a Haraj, shafin ciniki na intanet, har da na daɓen da ya huda, aka ce ana karɓar tayi na kwana goma. Wani shariɗi, mai saye don ya juyar, ya taya 27,000, kusan daidai da lissafin mai ƙima, domin shi ma irin lissafin yake yi. Wasu biyu masu sha'awa suka kai 34,000 da 36,000. Sun fi shi ne saboda za su yi wani ɓangaren aikin da hannunsu, kuma mota mai istimarar Saudiyya da lambobi masu dacewa da takardar ciniki ta 1978 ta hutar da su wahalar tashar jirgi.

Baffa ya ce a tsaya a kan tayi mafi girma, tunda shi ne kuɗin da magada za su riƙa a hannu da an sayar wa bare. Riyal 36,000 kashi takwas, kowane kashi 4,500. Ƙaramin yana da kashi biyu, ya biya sauran 27,000: uwargida 4,500, wansa 9,000, kowace 'yar'uwa 4,500. Da an bi lambar 88,400 da 66,300 zai biya, a kan motar da ke jiran wasu 71,000.

Kwalin mujallu

Shi ma gado ne, sai da aka yi maganarsa. Mujallu 41 ne, yawancinsu na 1964 zuwa 1972. Irin waɗannan an buga su da yawan gaske, kuma masu saye suna duba bango, da ƙusoshin tsakiya ko sun yi tsatsa, da ko an yanke wani shafi. Na saman kwalin zafin but ya gasa su, takardar ta yi ja tana karyewa, na ƙasa kuma danshi ya manne su, ƙwari sun ci gefe. Goma sha biyu ne suka fita lafiya. Magada suka yafe wa ƙaramin, da sharaɗin su zauna tare da motar, wanda ko ta fuskar ciniki shi ne daidai, domin a jikin mota suna ƙara mata tarihi, a warware kuwa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya manne ba a ɓamɓare shi da ƙarfi. Masu kyan a sa kowace a jakar roba marar asid da kwali a bayanta, a kwantar da su a ɗaki mai sanyi nesa da taga, kada a yi musu laminatin, kada a liƙa selotef a inda ya yage.

Sauya sunan mai mota ya ɗauki lokaci fiye da ciniki. Sai da aka fito da takardar kotu mai tantance magada, kowa ya ba ƙaramin wakilci, aka biya tarar jinkirin sabunta istimara. Ofishin murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ba ya sauya suna sai da fahas mai aiki da inshora, fahas kuma ba ya yiwuwa sai mota tana tafiya tana tsayawa. Don haka riyal 14,000 na farko ya fita kafin takarda ta fito da sunansa, aka fara da tukunyar birki mai layi biyu da sabon tanki. Alamar 289 an cire ta daga gefen gaba, aka toshe ramukanta.